Tsibiran da Ba Sa Zama Wuri Ɗaya

A gabashin jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka, akwai wasu siraran tsibirai na yashi zalla da suka yi layi a bakin tekun Atlantika, tsawonsu ya kai kimanin kilomita 300. Outer Banks ake ce musu. Gabas da su teku ne, yamma kuma wani makeken ruwa ne mara zurfi da ya raba su da sauran jihar. A wasu wuraren tsibirin ya tsuke har kana tuƙi kana ganin ruwa dama da hagu. Hanya ɗaya ce ta ratsa su, mai lamba 12, kuma inda kwalta ta ƙare sai jirgin fito ya ɗauke ka da motarka ya kai ka inda ta ci gaba. A kan wannan layi aka jera hasumiyoyi biyar masu fitila a ka, domin matuƙan jiragen ruwa su san inda suke cikin dare. Su na ɗauki yayana muka je gani lokacin da ya kawo mini ziyara Raleigh, babban birnin jihar, a farkon Oktoba, bayan masu hutun lokacin zafi sun watse kuɗin masauki ya sauko.

Daga Raleigh mun miƙa gabas, tafiyar awa uku da wani abu, ta cikin gonakin auduga da suka yi fari fat suna jiran girbi. Da muka tsallake dogayen gadoji muka iso Nags Head, sai muka karya hagu zuwa Corolla, can kusa da iyakar jihar Virginia, don mu fara daga sama mu gangaro.

Hasumiyar Currituck da ke Corolla ba a taɓa yi mata fenti ba. Jan bulo ne tsirara, kusan guda miliyan ɗaya, tsayinta mita 49, kuma an kunna fitilarta a ranar 1 ga Disamba 1875. Ita ce auta a cikin manyan hasumiyoyin yankin, an gina ta ne don toshe wani dogon duhu da ya rage tsakanin Virginia da hasumiyar Bodie. Matakala 220 ce zuwa sama, ta ƙarfe, tana murɗewa a cikin hasumiyar. Yaya ya hau da babbar rigarsa a kafaɗa, yana tsayawa a kowace taga wai yana duban gari, ni kuwa na san numfashi yake mayarwa. A can sama ne mutum zai gane irin ƙasar da yake tsaye a kai: wani siririn zare na yashi da bishiyoyi, ruwa ya saka shi tsakiya, manyan gidajen haya sun cika shi maƙil har bakin igiyar ruwa.

Rashin fentin ma alama ce. Kowace hasumiya an ba ta kamanninta don matuƙi ya shaida ta da rana: wannan ja, ta Bodie mai zobban baƙi da fari a kwance, ta Hatteras mai zane a murɗe, ta Cape Lookout mai zanen dara a karkace, ta Ocracoke fara sol. Da dare kuma kowacce da irin ƙiftawarta. Ta Currituck takan haska daƙiƙa 3 ta yi duhu daƙiƙa 17, ta Hatteras tana walƙawa duk bayan daƙiƙa bakwai da rabi, ta Ocracoke kuwa ba ta ƙiftawa sam. Mai jirgi ya ƙirga, ya duba littafinsa, ya san gaɓar da yake fuskanta. Wutar kanta ba wata babba ba ce. Sirrin yana cikin gilashin da ya kewaye ta, wanda wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro a shekarun 1820: ɗaruruwan yankakkun gilasai da aka jera su tattara hasken da zai watse sama da ƙasa, su harba shi a miƙe kan ruwa har kusan kilomita 30. Kafin zuwan lantarki, mai tsaron fitila da hannunsa yake hawa da mai a wannan matakala, ya gyara lagwani, ya goge hayaƙi daga gilashi, kullum ta Allah.

A hanyar dawowa kudu mun ɗan tsaya Kill Devil Hills, inda 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgin sama mai inji a ranar 17 ga Disamba 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 ne, nisansa bai kai mita 40 ba, yaro ma zai iya tsere shi a guje. Abin da ya fi tsaya mini a wurin shi ne tudun yashin da suka yi ta gwaji a kai. Kafin a zo gina musu dutsen tunawa, wanda aka buɗe a 1932, iska ta riga ta gusar da tudun fiye da mita 100 daga inda suka san shi. Sai da aka dasa masa ciyawa aka ɗaure shi wuri ɗaya sannan aka yi gini.

Hasumiyar Bodie tana tsakiyar fadama, sauro kamar ya ɗauke mutum, don haka ba mu daɗe ba. Ita ce ta uku da aka gina da wannan suna. Ta farko, ta 1847, an yi mata rowar harsashi, ba a jima ba ta karkace aka watsar da ita. Ta biyu, ta 1859, sojojin Kudu ne suka tarwatsa ta a 1861 lokacin yaƙin basasar Amurka, don kada 'yan Arewa su amfana da ita. Wannan da ke tsaye ta 1872 ce. Filin da na farkon biyu suka zauna a kai yanzu ruwa ne, domin mashigar Oregon da ke kusa, wadda guguwa ta yanka a 1846, tun daga lokacin take ta matsawa kudu tana cin abin da ta tarar. Mun tsallake ta a kan sabuwar gada mai tsawon kilomita huɗu da rabi da aka buɗe a 2019, ƙasanmu ga jirgin yasa yana ta kwashe yashi don jiragen masunta su sami hanya.

Daga nan tafiyar ta sake kama. Babu gida, babu shago, sai tudun yashi a hagu da fadamar tsuntsaye a dama. Iska tana kwaso yashi tana shimfiɗa shi a kan kwalta, ga katafila a gefen hanya tana ture shi tana mayar da shi kan tudu. Yaya, wanda ya taɓa aiki a arewacin Yobe, ya ce wannan ai Yusufari ce aka kawo bakin teku, can ma haka rairayi ke binne hanya da gona mutane suna haƙowa.

A wannan yanki na Pea Island mun bi ta kan wata ƙaramar gada mai sunan Richard Etheridge, kuma labarin mutumin ya cancanci a tsaya masa. Fitila gargaɗi kawai take yi, ba ta fitar da kowa daga ruwa. Saboda haka tun daga shekarun 1870 gwamnati ta jera tashoshin ceto a gaɓar, kowace da mutane kaɗan da kwale-kwalen hannu, suna sintiri a ƙafa cikin dare. Etheridge baƙar fata ne, an haife shi bawa a tsibirin Roanoke a 1842, ya yi yaƙin basasa a rundunar Arewa, a 1880 kuma aka naɗa shi shugaban tashar Pea Island. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami, kuma duk mutanensa baƙaƙe ne. A daren 11 ga Oktoba 1896 guguwa ta jefo wani jirgi mai suna E.S. Newman kan yashi, da mutum tara a ciki, har da matar kyaftin da ƙaramin ɗansu. Ruwa ya shanye gaɓar, babu wurin kafa bindigar da ake harba igiya da ita, kwale-kwale kuma ba zai shiga ba. Etheridge ya sa aka ɗaure mutanensa biyu da igiya ɗaya, suka faɗa cikin ruwan da iyo har suka kai jirgin, sauran suna riƙe da bakin igiyar a tudu. Haka suka yi ta yi, ana canza masu shiga, har aka fito da mutanen nan tara da rai. Ba a ba su lambar yabo ba sai 1996, shekara ɗari cif bayan haka, ba ko ɗayansu a duniya. Yaya ya yi shiru, can ya ce, “Allah Sarki. Ko a nan ma sai mutum ya mutu ake sanin darajarsa.”

Kafin ƙauyen Rodanthe hanya takan bar tsibirin gaba ɗaya. A 2022 aka buɗe wata gada mai kusan kilomita huɗu da ta fita cikin ruwan yamma ta yi gwiwa ta dawo, domin teku ta yi ta wanke tsohuwar kwaltar har hukuma ta gaji ta bar mata. Mun ajiye mota muka taka zuwa gaɓa. Ga gidaje masu hawa biyu da uku a kan dogayen turaku, igiyar ruwa tana wucewa ta ƙarƙashinsu, matakalar wani tana reto a iska ba ta taɓa komai. Tun daga 2020 gidaje suke ruftawa cikin teku a nan ɗaya bayan ɗaya, katako da ƙusoshi su bazu kilomita da yawa. Waɗanda suka gina su ba mahaukata ba ne. Lokacin da aka yi ginin, akwai fili mai faɗi da tudu tsakaninsu da ruwa.

Abin da ke faruwa shi ne irin wannan tsibiri tafiya yake yi. In guguwa ta zo, ruwa yakan haura kansa ya kwashi yashi daga gefen teku ya zube shi a gefen yamma. Gaba ya ragu, baya ya ƙaru, tsibirin ya gusa da jikinsa duka. A shekarun 1930 gwamnati ta sa aka tara dogon tudun yashi a gefen teku don kare gaɓar, daga baya aka shimfiɗa kwalta a bayansa. Tudun ya hana ruwa haurawa, to amma ya hana bayan tsibirin samun yashin da yake ƙaruwa da shi, teku kuma ba ta fasa cin gaba ba. Sai tsibirin ya dinga ramewa. A ganina nan ne kuɗi ya fi tafiya a banza: ana kashe miliyoyi don tsayar da hanya a kan ƙasar da ɗabi'arta ce motsi. Sai dai wannan magana tana da sauƙi a bakin baƙo. Akwai dubban mutane a ƙauyukan tsibirin Hatteras da wannan hanya ce kaɗai za ta kai su asibiti. A 2003 guguwar Isabel ta yanke tsibirin tsakanin Frisco da ƙauyen Hatteras, mutanen can suka yi kusan wata biyu sai da jirgi suke fita, har sojojin injiniya suka cike ramin.

Hasumiyar Cape Hatteras, a Buxton, ita ce sarauniyarsu: mita 60, babu hasumiyar fitila ta bulo da ta kai ta tsayi a Amurka. An kunna ta a 1870. Mun tarar ana yi mata gyara, an kewaye ta da ƙarafa, ba a hawa, abin da ya yi wa gwiwoyin Yaya daɗi. Dalilin girmanta yana cikin ruwan da ke gabanta. A wannan gwiwa ne zazzafan ruwa mai gudu daga kudu, Gulf Stream, yake karo da ruwan sanyi mai gangarowa daga arewa, kuma a ƙarƙashinsu akwai tudun yashi mai suna Diamond Shoals da ya miƙa cikin teku fiye da kilomita 10, yau yana nan gobe ya koma can. Jirgi mai zuwa arewa yana son ya hau ruwan kudun ya tura shi, mai zuwa kudu kuma yana raɓar gaɓa don ya kauce masa, duka biyun sai sun bi ta bakin wannan tarko. Ɗaruruwan jirage sun halaka a nan, har ake kiran yankin maƙabartar Atlantika.

Lokacin da aka gina hasumiyar, tsakaninta da teku ya kai mita 450. Bayan shekara ɗari abin da ya rage bai kai mita 40 ba. An kafa shingaye cikin ruwa, an jibge buhunan yashi, an zubo sabon yashi, duk a banza. Da masana suka ce a ɗauke ta a matsar, mutanen yankin da yawa suka tayar da ƙayar baya, har kotu aka je, suna cewa tsohon bulo zai wargaje a hanya. A 1999 aka yi aikin. Aka yanke ta daga harsashinta, aka cusa mata ƙarafa a ƙasa, aka ɗaga ta da jak masu aiki da mai, nauyinta fiye da tan 4,000, aka ɗora ta a kan dogo da aka goga wa sabulu, ana tura ta mita ɗaya da rabi a kowane taki. Daga 17 ga Yuni zuwa 9 ga Yuli, kwana 23, ta yi tafiyar mita 880 ta sauka lafiya, aikin ya ci kusan dala miliyan 12. Har yau ana ganin faffaɗan layin da aka share mata a cikin kurmi. Mun bi shi a ƙafa zuwa tsohon mazauninta, inda yanzu masu wasan allo a kan igiyar ruwa suke ajiye kayansu. Yaya ya daɗe yana kallon layin nan. “Wato da suka ga ba za su iya da ruwan ba, sai suka janye kayansu,” in ji shi. “Wannan kam sun yi hankali.”

A ƙarshen ƙauyen Hatteras kwalta ta ƙare a bakin ruwa. Jirgin fito zuwa Ocracoke na gwamnatin jiha ne, lokacin da muka je ba a biyan ko sisi, ba a kuma kama wuri tun da wuri, layi kawai ake bi, mazauna tsibiri da masu kai kaya suna da nasu layin da ake fara ɗauka. Mun haɗa azahar da la'asar a gefen filin jira. A nan ne na gane Yaya bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko kwale-kwale.

“Yanzu motar ma a ciki za ta shiga?”

“Har da manyan motoci, Yaya. Ga ta siminti can a gabanmu.”

“To ai shi ne abin tsoron. Ruwa fa ba sa'an kwando ba ne.”

Ma'aikata suka jera mu bamba da bamba, suka sa wa motocin gaba waigi a taya, jirgi ya ja. Yaya ya ƙi fitowa daga mota, carbi a hannu, sai da ya ga wata tsohuwa tana yawo a kan jirgin da ɗan karenta sannan ya buɗe ƙofa. Tsakanin tsibiran biyu ba nisa, kana hango wancan daga wannan, kuma mashigar ita ma guguwar 1846 ce ta buɗe ta. A da minti 40 ake yi. Yashi ya toshe gajeriyar hanyar, yanzu jirgi sai ya yi dogon zagaye ta cikin ruwan Pamlico, wato makeken ruwan nan na yamma, yana bin tsakanin alamu ja da kore, awa ɗaya ko fiye. A wasu wuraren za ka ga tsuntsaye tsaye a kan yashi 'yan taku kaɗan daga gefen jirgin. Kafin mu isa Yaya ya koma can gaba yana ɗaukar bidiyo yana aika wa iyalinsa.

Ocracoke babu gadar da ta haɗa ta da ko'ina. Daga mashiga zuwa ƙauyen kusan kilomita 20 ne na yashi da ciyawa, mazaunan dindindin ba su kai dubu ba, kuma tsofaffinsu suna da wani karin Turanci nasu da na kasa kama rabinsa. Hasumiyarsu gajeriya ce, mita 23, tana tsakanin gidaje a bayan farin shinge. Tun 1823 take aiki, ta girmi sauran duka. Ba a hawanta, minti kaɗan ya ishe ka. Ƙauyen ne ya fi riƙe mu. A ruwan da ke bayansa sojojin ruwan Ingila suka kashe shahararren ɗan fashin teku Blackbeard a ranar 22 ga Nuwamba 1718, yau kuma da sunansa ake sayar da riguna da kofuna. A wani lungu akwai kaburbura huɗu da tutar Ingila a kansu, na ma'aikatan jirgin Bedfordshire da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar a watan Mayu 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Jamusawa suke harbin jirage a wannan gaɓa mutanen ƙauye suna hango wutar daga gidajensu. Gidaje da yawa an ɗaga su sama kan sababbin turaku tun bayan guguwar Dorian ta Satumba 2019, wadda ta turo ruwan Pamlico cikin ƙauyen har ya kai mita biyu. Da dare mun ci soyayyen kifi da wasu dunƙulen garin masara da ake soyawa a mai. Jatan lande da ƙaguwa kuwa Yaya ya ce a kai kasuwa, shi bai ga abin ci a jikinsu ba.

Jirgin da ke fita ta kudu zuwa Cedar Island babba ne, ana biya, kuma gara ka kama wuri tun kafin ranar. Awa biyu da kwata ne, a tsakiya ƙasa takan ɓace ta kowane gefe, duk da cewa ruwan ba shi da wani zurfi. Daga can muka ratsa fadama zuwa tsibirin Harkers, muka ajiye mota, muka shiga ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutane kawai zuwa Cape Lookout.

A can babu kwalta, babu gada, babu gidan haya mai hawa uku, ba a kuma tara tudun da zai hana ruwa haurawa ba. Hasumiyar 1859 ce tsaye da zanenta, baƙaƙen gidajen darar suna kallon arewa da kudu, fararen gabas da yamma, ta yadda ko da rana matuƙi zai san ta wane gefe ya ɓullo mata. Gaɓar a shimfiɗe take da faɗi, guguwa takan bi ta kanta ta wuce, ciyawa ta sake tsirowa a kan sabon yashin. Ita ma hasumiyar ruwa yana matso ta, ta baya wannan karon, har an taɓa zuba mata yashi don a kare ta.

A hanyar dawowa mai jirgin ya rage gudu kusa da tsibirin Shackleford don mu ga dawakan daji suna kiwo a bakin ruwa. A wannan wuri akwai gari a da, Diamond City, na masunta da masu farautar kifin whale, mutum ɗari da yawa. Guguwar Agusta 1899 ta haura kansa, ta kashe lambuna, ta zuba gishiri a rijiyoyi, ta tone kaburbura. Mutanen ba su tsaya jayayya ba. Suka kwance gidajensu na katako, suka ɗora a kan jirage, suka tsallaka da su Harkers da Morehead City suka sake kafawa, cikin 'yan shekaru garin ya zama kufai. Jikokinsu suna nan a Harkers, wasunsu har yanzu sana'ar sassaƙa jirgi suke yi. Da muka sauka Yaya ya karɓi wayata ya duba taswira da kansa, ya tabbatar daga nan zuwa Raleigh, ta Beaufort da New Bern, kwalta ce zalla, sannan ya ce in ja mu tafi.